Sufafud: magani ne, ko sunan kasuwa?

"Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu. Maigidana yana da hawan jini, ni kuma an ce jinina ya yi ƙasa tun haihuwata ta ƙarshe. Wata ƙawata da ke sayar da kaya ta WhatsApp ta haɗa mini irin ciya, da kinuwa, da ƙwayoyin zogale na kwalba, da wani shayi na wanke ciki. Ta ce sufafud ne, in muka daure wata uku maigida zai ajiye maganin asibiti. Kuɗin ya kai na cefanena na mako biyu. Don Allah da gaske suna da wannan amfanin, ko asarar kuɗi nake yi?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raya yara. Tambayarki ta haɗa abu uku: ko kayan nan suna da amfani, ko amfanin ya kai kuɗinsu, da kuma ko za su iya maye gurbin magani. Bari in fara da na ƙarshen don shi ne mai gaggawa. Kada Alhaji ya ajiye maganinsa, ko na kwana ɗaya, sai likitan da ya ɗora shi a kai ya auna ya ce a rage. Hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna. A ɗakin da nake ganin marasa lafiya kan sha'anin abinci, na sha karɓar magidanci da ɓarin jikinsa ya shanye, in na bi diddigi sai in tarar wata biyu ko uku da suka wuce wani ya ba shi gari ko jiƙo, ya ji "garau", ya jefa ƙwayoyinsa a aljihun tebur. Jin garau ba awo ba ne.

Daga ina sunan ya fito

Kalmar sufafud, wato superfood da Turanci, abincin da ake cewa ya fi sauran amfani ga jiki, ba ta likitoci ba ce, kuma babu wata hukuma da ta ajiye ma'aunin da abinci zai kai kafin a kira shi da ita. 'Yan talla ne suka raine ta. Shi ya sa tun 2007 Tarayyar Turai ta hana a buga ta a jikin kwali sai mai kayan ya haɗa da wani takamaiman amfani da hukuma ta bincika ta amince da shi. Kuma idan kin lura, kowane zamani da nasa gwanin. An yi yayin kinuwa, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2013 a matsayin shekararta. Kinuwa kuwa tsabar talakawan tsaunukan Peru da Bolibiya ce, abincinsu na gado, yadda gero yake a gare mu. Shekara goma bayan nan, a 2023, sai majalisar ta ware shekarar ga gero da danginsa, bisa shawarar Indiya. Ciya, wasu ƙananan ƙwayoyin iri, ita ma haka take: tsohon abincin mutanen Meziko da Gwatamala ne tun kafin Turawa su isa can.

Abin da ke ba ni dariya, yayin da muke biyan kuɗin jirgi a kawo mana nasu, su kuma namu suke nema. A 2008 Turai ta ba da izinin shigar da garin ƙwallon kuka, wannan da yara ke tsotsa a hanyar makaranta, yanzu ana sayar da shi a London cikin ƙaramar leda mai sheƙi. A 2018 ta buɗe ƙofa ga acca. Zoɓon da ake tarawa a kasuwannin Jigawa, Meziko yake tafiya a kwantena, su jiƙa su sha da ƙanƙara. Ayar da muke yi wa kallon abin taunar yara, a Balensiya ta ƙasar Sifen kununta abin alfaharin gari ne. Daddawa kuwa, ƙwayar halittar da ke ruɓar da kalwa har ta yi wannan warin, irinta ce Japanawa ke amfani da ita wajen ruɓar da waken suya su yi abincin da suke kira natto, wanda ake ta yabo. Ashe abin nema ya samu tun tuni, yana nan a tiren mai kayan miya.

Lissafin cokali

Ba ina cewa ciya banza ba ce. A kowane giram 100 akwai faiba kusan giram 34, wato wannan sashe na abinci da ciki ba ya narkarwa, mai sauƙaƙa bayan gida da rage saurin hawan suga bayan cin abinci. Tana kuma da wani mai mai amfani ga jiki da ake kira omega-3. Matsalar ita ce babu mai cin giram 100. Cokali ɗaya ake zubawa a yogot, kusan giram 12, ya ba ki faiba giram 4 da furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 2. Kofi ɗaya na dafaffen wake, wanda ko yaro zai cinye a zama ɗaya, yana ba da faiba kusan giram 11 da furotin giram 13. Kinuwa tana da furotin kusan kashi 14 cikin ɗari, gero kusan 11, wake ya haura 20, waken suya da ake awara da shi ya kai 36. Idan kin haɗa gero da wake a tukunya ɗaya, abin da wannan ya rasa wancan ya cike, kin kamo kinuwa kin wuce ta. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye da ita, amma a gidaje da yawa an mayar da shi abincin ranar da babu.

Wannan lissafin ne nake so ki riƙe duk lokacin da aka nuna miki wani sabon gari. Ki tambaya: nawa zan ci a rana, kwana nawa zan iya saye, me zan fasa saye saboda shi?

Zogale: na kwano da na kwalba

Zogale ya cancanci yabo. Asalinsa arewacin Indiya ne, amma ya zama ɗan gida, babu katangar da bai leƙa ba daga Kano zuwa Maraɗi. Ɗanyen ganyensa yana da furotin kusan giram 9 a cikin 100, adadi mai yawa ga ganye, ga kalsiyam, ga sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, ga bitamin C. In an busar da shi furotin ɗin yakan kai kusan kashi 27 cikin ɗari, don ruwan ya fita.

Sai dai tallan nan da kike gani, wai ya ninka lemo sau kaza, ya ninka madara sau kaza, akwai wayo a ciki. Ana auna busasshen gari da madara mai ruwa, giram da giram. Mutum yana shanye kofin madara tsaf, amma wa zai iya haɗiye kofin garin zogale? Bitamin C kuwa yawancinsa yana tafiya wajen shanya, musamman in a rana aka baza shi. Ƙwayar kwalba yawanci rabin giram ce. Sai kin haɗiyi sama da 40 kafin ki sami furotin ɗin da ƙwai ɗaya zai ba ki. Ki ajiye wannan kusa da kwaɗon zogale irin na gida: cikin kwano na dafaffen ganye, an daka ƙuli-ƙuli an barbaɗa, ga tumatir da albasa, ga ɗan man gyaɗa. Man nan ba don daɗi kawai yake ba, shi ke taimaka wa hanji ya ɗauki bitamin A. Tumatir ɗin ɗanye yana taimaka wa jiki ya ja sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi. Kakanninmu ba su san sunayen sinadaran ba, amma haɗin ya yi daidai.

Kuskure biyu nake yawan gani wajen dafa shi. Na farko, a bar shi a wuta ya yi ta tafasa har ya koma baƙi-baƙi, sannan a tsiyaye ruwan a zubar. Na biyu, a jefa kanwa don ya yi saurin laushi, ita kuwa kanwa tana lalata wasu bitamin. Ruwa kaɗan, wuta ta ɗan lokaci, ya ishe shi. Ganye nake nufi a duk wannan bayanin. Saiwa da ɓawon itacen wani abu ne daban, mai ciki ta nisance su.

Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa wurina da jakar hannu cike da kwalabe, ta jera mini su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, har da wanda rubutunsa da Sinanci ne. Na ce ta faɗa mini abin da ta ci jiya tun daga safe. Shayi da burodi, taliya da manja da yaji, sai tuwon masara miyar kuka da dare, miyar ma ruwa-ruwa. Babu wake, babu ƙwai, babu ɗan itace ko ɗaya. Da muka lissafa kuɗin kwalaben, sai ta riƙe baki, ta ce, "Wallahi da kiret ɗin ƙwai nawa zan saya." Ban ƙara mata komai ba, ita ta ba kanta amsa.

Zoɓo da hawan jinin maigida

A cikin duk abin da ake yayatawa, zoɓo na cikin 'yan kaɗan da aka gwada a jikin mutane yadda ya kamata. A wani gwaji da masu bincike na Jami'ar Tufts da ke Boston suka wallafa a 2010, an ɗauki mutum 65 masu hawan jini mara tsanani, aka ba wasu kofi uku na shayin zoɓo kullum har mako shida, wasu kuma aka ba su abin sha mai kama da shi. Lambar sama ta awon jinin masu shan zoɓo ta sauka da kusan maki 7, ta sauran da kusan maki 1. Wannan sauƙi ne na gaske. Amma ki duba girmansa. Wanda jininsa ke 135 zai ji daɗin maki 7. Wanda nasa ke 180 yana nan cikin haɗari ko ya shanye randa. Kuma mutanen da aka yi gwajin da su ba masu shan maganin hawan jini ba ne, don haka mai shan magani ya gaya wa likitansa kafin ya mayar da zoɓo abin sha na kullum, kada jinin ya faɗi fiye da kima ko ya yi karo da ƙwayar da ke sa fitsari.

Sannan zoɓon gwajin ba irin na bikin suna ba ne da ake juye masa suga da kayan ƙamshi na leda. Jiƙo ne tsurarsa. In ya yi masa tsami, a sa citta da kanumfari, ko ɗan ɓawon abarba.

Abin da zai fi zoɓo tasiri a jinin Alhaji yana cikin tukunyarki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a rana ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, duka-duka har da wanda ke ɓoye. Dunƙulen ɗanɗano da muke marmasawa huɗu-biyar a miya, kusan rabinsa gishiri ne. Ga yajin tsire, ga indomi da sinadarinta, ga kanwa, wadda ita ma 'yar'uwar gishiri ce a wajen hawan jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da zafin wankan jego. Ki rage dunƙule zuwa rabi, ki ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da busasshen kifi. Mako biyun farko za a yi ƙorafi a gidan, daga nan harshe ya saba. Ni dai ban taɓa ganin gidan da aka daure aka koma ba.

Ke kuma da ƙarancin jini

Ba ke kaɗai ba ce. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa kashi 68. Amma ba duka ne daga abinci ba. Zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, zubar jini mai yawa wajen haihuwa ko al'ada, da sikila, duk suna jawo shi. Ban ga takardar gwajinki ba, saboda haka ki koma a sake aunawa a gano dalilin. Idan ƙarfe ne ya yi ƙasa sosai, ƙwayar asibiti mai arha za ta yi a wata uku abin da zogale ba zai yi a shekara ba, duk da cewa takan sa bayan gida ya yi baƙi, wani lokaci ya yi tauri.

Ta fuskar abinci, ƙarfen da ke cikin nama, hanta da kifi ya fi saurin shiga jiki a kan na ganye da hatsi. Hanta sau ɗaya a mako, ko ta ɗan kuɗi kaɗan ce, ta fi kwalbar nan. Na wake da gero da ganye yana buƙatar abokin tafiya, wato bitamin C: matsa lemon tsami a kan kwaɗo, ko ki ci gwaiba bayan abinci. Gwaiba tana da bitamin C sama da miligiram 200 a giram 100, lemon zaƙi kusan 50. Shayi kuma akasin haka yake yi, yana riƙe ƙarfen ya hana shi shiga, don haka ki ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu da abinci. Jiƙa gero ya kwana, ko a bar shi ya yi tsami kamar na koko da kamu, ko a tsirar da shi, duk suna rage wani sinadari da ke ɗaure ƙarfe a cikin hatsi. Surfe mai yawa har tsaba ta yi fari fat kuwa, kaji da awaki ake ba wa rabin amfanin a cikin dusa. A Nijar ma tun 2018 aka fitar da wani irin gero mai suna Chakti da aka inganta don ya fi na gargajiya ƙarfe.

Abin da ake cewa yana "kashe guba"

Za ki ji suna cewa kayansu cike suke da antioksidan, wasu sinadarai da ake samu a ganye da 'ya'yan itace, wai suna wanke jiki su hana ciwon daji. Gaskiya ne cewa mutanen da ke cin ganye da 'ya'yan itace da yawa sun fi samun sauƙin ciwon zuciya da wasu cututtuka. Da masana suka ga haka sai suka ce bari a ciro sinadarin a dunƙule shi a ƙwaya. A Finland aka gwada da maza masu shan taba sama da 29,000, aka ba wasu ƙwayar beta-karotin, sinadarin da ke sa karas ja. Sakamakon da ya fito a 1994 ya girgiza kowa: ciwon dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a cikin waɗanda suka sha. Wani gwajin a Amurka aka dakatar da shi a 1996 saboda irin wannan sakamako. Karas bai cutar da kowa ba, ƙwayar ce ta yi. A 2012 ma'aikatar gona ta Amurka ta sauke jadawalin da ta wallafa na ƙarfin antioksidan a abinci, saboda 'yan kasuwa sun mayar da shi abin talla, alhali awon kwalbar gwaji ne, ba abin da ke faruwa a jikin mutum ba.

Shayin wanke cikin nan shi na fi tsoro a kayan da kika lissafa. Da yawansu filasko ne a ciki, wanda muka sani tun muna yara. Gudawa yake sawa, ruwa ya fita, sikeli ya nuna an ragu, kitse yana nan. Ga mai hawan jini da ke shan maganin fitsari, rasa ruwa da gishirin jiki haka na iya taɓa ƙoda da bugun zuciya, ke kuma in kina shayarwa ba ki da buƙatarsa. Aikin wanke jiki na hanta da ƙoda ne, suna yi dare da rana ba a biyan su. Lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, a jikin maganin gargajiya ma ki karanta ta da kyau: sau da yawa a ƙasa an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Na san za a ce, to habbatus sauda da zuma fa? Suna da darajarsu a addini da al'ada, ni ma akwai su a gidana. Amma Manzon da ya yabe su, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne kuma ya ce bayin Allah su nemi magani. Zuma suga ce ga mai ciwon suga, kuma ba a ba jaririn da bai shekara ba saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Kurkur a miya lafiya lau, amma ƙwayoyinsa masu ƙarfi da ake haɗawa da sinadarin masoro an samu rahoton sun taɓa hantar wasu a Italiya da Amurka.

Namu ma ba a rufe ido a saya. Gyaɗa da masara da suka yi fumfuna suna ɗauke da gubar afalatoksin mai jawo ciwon dajin hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B. Ki tsince duk ƙwayar da ta yanƙwane ko ta canja launi, kuma ki san wurin wadda kike sayen ƙuli-ƙuli da tunkuza. Wake kuma wasu 'yan kasuwa na zuba masa maganin ƙwari don kada ya yi ƙwaro, abin da ya sa Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. In kin ji yana warin magani, ki bar shi. Mai ciwon ƙoda kuwa, ko dabino da ayaba da ganye sai da shawarar likita.

Da ni ce da kuɗin cefanen mako biyun nan a hannu, wake zan fara aunowa, da waken suya don awara, da ƙwai, da busasshen kifi, da riɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a nemi giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, kusan cikin tafin hannu biyar, kuma ba ta ce sai na ƙasar waje ba. Da damina ga rama, lalo, tafasa, alayyafo, yakuwa. Da rani ga kabeji, karas, latas na fadama, ga kuka da kuɓewa busassu. Mangwaro in ya zo a sha, in ya wuce ga gwanda da kankana, ga magarya, ɗinya, kanya da goruba da yara suka fi mu sanin lokacinsu. Abin da ya rage na saya wa Alhaji na'urar awon jini ta gida, a riƙa rubuta lambar safe da yamma a littafi, ya tafi da shi ranar ganin likita.

Kayan da kika riga kika saya, shayin ki zubar. Ƙwayoyin zogalen ba lallai su cutar da ke ba, in sun ƙare kada ki sake. Kinuwar ki wanke ta sosai don ɓawonta na da ɗaci, ki dafa kamar shinkafa ko ki yi dambu da ita. Ciya kuma kada a ci ta a bushe a kora da ruwa, tana kumbura ta ninka kanta fiye da sau goma, an taɓa samun wanda ta toshe wa maƙogwaro. Ki jiƙa cokali ɗaya na minti ashirin, ki zuba a fura da nono ko a kunun gyaɗa. Ƙawar taki kuma ki gaya mata a hankali ta daina cewa mutane su ajiye magani, don wataƙila ita ma haka aka gaya mata.